Yarinya mai sankarar jini ta yi shawara: daga magani ne, ko daga jinin da aka ƙara mata, ko daga gida?

Malam Habu, Garin Malam

Assalamu alaikum ƴan uwa. Na kawo wata magana da ta hana gidanmu barci kwana goma ke nan, domin na san a wannan zaure akwai ma'aikatan lafiya da za su iya warware mana ita. Ƴar ƙanwata ce, shekararta 6. Wata 15 da suka wuce aka gano tana da sankarar jini, aka ɗauke ta daga nan Damagaram zuwa Yamai, tafiyar kusan kilomita 900, ta yi watanni ana ba ta magani mai ƙarfi ta jijiya, kuma a cikin wannan zaman an ƙara mata jini har sau bakwai. Ta dawo gida da sauƙi, tana shan wata ƙwaya kowane dare, da wata sau ɗaya a mako, har mun fara maganar mayar da ita makaranta. Sai ga shi fitsarinta ya yi duhu kamar ruwan shayi, farin idonta ya koma ruwan ɗorawa, ta ƙi abinci. An auna jini, takardar ta nuna ALAT 640, wato sinadarin da ke hawa a jini idan hanta ta ji rauni, kuma a gaban AgHBs, alamar birus ɗin ciwon hanta nau'in B, an rubuta cewa akwai shi. Likitan ya dakatar da ƙwayoyin nata, ya ce mu jira wasu gwaje-gwaje.

Yanzu gidan ya rabu. Mahaifinta ya rantse cewa jinin da aka ƙara mata ne ya kawo cutar, yana cewa ya gaji, a daina maganin asibiti gaba ɗaya. Kakarta ta ce shawara ce irin wadda aka saba, har ta aika a nemo sassaƙe. Ni kuwa zuciyata ta fi karkata ga cewa ƙwayoyin da take sha ne suka ci hantarta. Ina roƙon wanda ya sani ya faɗa mana gaskiya, ko da ba ta yi mana daɗi ba.

Hajiya Rakiya, Birni

Wa alaikumus salam Malam Habu. Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne. Na yi shekara 30 ina aikin jinya kafin in ajiye, kuma abu ɗaya nake so ka yi yau tun kafin kowa ya amsa maka tambayarka: ka je da kanka ka roƙi Inna ta ajiye sassaƙen nan. Hantar da ta riga ta kumbura ba ta iya ɗaukar abin da ba a san ma'auninsa ba, kuma idan aka ba ta, likita ba zai ƙara gane abin da ke ɗaga lambobin ba. Haka kuma kada a ba ta parasetamol sai da izininsa. Ka faɗa wa Inna da ladabi cewa ba a raina saninta ba, yarinyar ce jikinta ba kamar na sauran jikoki yake ba.

Nana Hadiza, mai harhaɗa magani

Malam Habu, zatonka yana da tushe. Ƙwayar dare da ka ambata ita ce merkaptopurin, ta mako kuma metotireksat, kuma dukansu biyu ta hanta suke bi, suna kuma ɗaga ALAT ga yara da yawa. A farkon jinya akwai wani da ake kira asparajinaz, shi ma yakan tara kitse a hanta ya jawo shawara. Saboda haka likitocin wannan fanni sun saba ganin ALAT ta hau ta sauka a tsawon shekara biyu ko biyu da rabi da ake yi ana magani, kuma sau da yawa ba sa tsayar da ƙwayoyin don wannan kaɗai, sai idan lambar ta yi nisa ƙwarai ko kuma bilirubin, wato sinadarin da ke rina ido, ya hau tare da ita. A ganina magani ne ya fi kusa da zama sanadi, domin shi ne abin da take sha kullum. AgHBs ɗin kuwa wataƙila tsohon abu ne da aka tarar a hanya, domin a ƙasarmu masu ɗauke da shi ba tare da ciwo ba suna da yawa.

Likita Laminu

Ina gaida kowa. Malama Hadiza, na yarda da duk abin da kika faɗa game da magungunan, amma ban yarda da inda kika tsaya ba. Ga mutum mai lafiya, mai yiwuwa ne AgHBs ya zama tsohon abu da ke kwance shiru. Ga yaron da ake yi wa maganin sankarar jini ba ma ɗaukarsa haka, kuma bari in yi bayanin dalili, domin a nan ne dukan maganar take.

Ƙwayar birus ta ciwon hanta nau'in B ba ita ce take fasa ƙwayoyin hanta kai tsaye ba a mafi yawan lokaci. Garkuwar jikin mutum ce take kai wa ƙwayoyin hantar da birus ya shiga hari, sai su fashe, sai ALAT ta zubo cikin jini. To idan aka danne garkuwar jiki da magani, musamman da irin su firednizon da deksametazon waɗanda ake ba kowane yaro mai wannan sankara, birus ɗin yakan sami sarari ya hayayyafa ya cika hanta ba tare da wata alama ba, har an gano cewa waɗannan magunguna biyu suna zuga shi kai tsaye ya ƙara yawa. Ranar da aka sassauta magani, garkuwa ta fara farfaɗowa, sai ta tarar da hanta cike da baƙo, ta afka mata gaba ɗaya. Shi ya sa ciwon yakan fito a lokacin da iyaye suka fara murna, bayan an gama mataki mai tsanani an koma na ƙwayoyi, daidai irin lokacin da Malam Habu ya kwatanta. Wannan farkawa tana iya zama mai sauƙi, tana kuma iya kai hanta ga gazawa cikin makonni.

Ban ga yarinyar ba, kuma likitan da ke duba ta ne mai hukunci. Amma da ni ne, ba zan yi zato tsakanin magani da birus ba. Zan nemi a auna yawan birus ɗin a jini, abin da ake rubutawa ADN-VHB, da bilirubin, da TP wanda ke nuna ko hanta tana iya ƙera abin da ke daskarar da jini, sannan a nemi nau'in C da nau'in D. Kuma ba zan jira sakamakon ya dawo daga nesa ba kafin in yi maganar fara maganin birus ɗin, domin akwai entekabir da ake ba yara tun daga shekara 2. Lamibudin ya fi araha, amma birus yakan saba da shi idan an daɗe ana sha.

Malam Habu, Garin Malam

Na gode Likita. Sassaƙen dai an ajiye shi, Hajiya, Allah ya saka. Amma tambayar mahaifinta tana nan: daga ina cutar ta shigo? Ya ce kafin tafiya Yamai lafiyar hantarta lau, kuma babu wanda ya taɓa ce masa tana da wani abu. Na bincika takardunta kaf, ban ga inda aka auna AgHBs kafin ƙarin jini na farko ba. An kai ta cikin dare jina-jina, jininta ya yi ƙasa ƙwarai, aka ƙara mata a take.

Mutari, ma'aikacin ɗakin gwaji

Malam, bari in yi magana a kan jini, domin aikina ne shekara 12. Duk ledar jinin da za a ƙara wa mutum ana auna ta a kan abu huɗu: ƙanjamau, ciwon hanta B, ciwon hanta C, da tunjere. Ledar da ta nuna ɗaya daga ciki ana zubar da ita, kuma wanda ya fi sa mu zubar da jini shi ne nau'in B, nesa ba kusa ba. Sai dai ba zan ɓoye maka ba, gwajin yana da iyaka. Idan mai ba da jinin bai daɗe da kamuwa ba, akwai makonnin da birus yake cikin jininsa amma AgHBs bai fito ba tukuna. Akwai kuma mutanen da birus ɗin ya ɓuya a jikinsu, kaɗan ne ƙwarai a jini, gwajin da muke yi ba ya ganinsa, sai na'urar da ke neman ƙwayar halittar birus ɗin kanta, wadda ƙasashe masu hali suke amfani da ita ga kowace leda. Wanda aka ƙara wa leda ɗaya haɗarinsa ƙarami ne, wanda aka ƙara wa bakwai ya bi ta ƙofar sau bakwai. Don haka ba zan ce wa mahaifinta zatonsa shirme ba ne. Abin da zan ce masa shi ne, da ba a ƙara mata jinin nan a daren ba, da ba ma wannan muhawarar yau.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne rashin ɗibar jininta kafin ƙari na farko. Ba ya ɗaukar minti biyu, ko da ba za a auna a daren ba ana iya ajiye shi a firji. Bayan an ƙara jini, wasu gwaje-gwajen suna rikicewa, domin garkuwar mai ba da jinin takan biyo ledar ta zauna a jikin yaro na ɗan lokaci, sai a ga alamar da ba tasa ba.

Sanusi, ɗalibin likitanci

Ina gaida malamaina. Akwai wani tarihi da ya dace da wannan magana. Shi kansa AgHBs ɗin da muke ta ambata, lokacin da Baruch Blumberg ya ba da labarinsa a Amurka a 1965, ya fi ganinsa ne a jinin masu sankarar jini, har aka yi zaton wata alama ce ta sankarar. Sai daga baya aka gane cewa ɓangare ne na birus ɗin ciwon hanta, kuma masu sankarar suna da shi da yawa ne saboda yawan ƙarin jini da raunin garkuwarsu. Ya karɓi kyautar Nobel a 1976. Haka kuma nau'in C ba a gano shi ba sai 1989, kuma kafin a fara tace jini a kansa, yara da yawa a Turai da suka warke daga sankarar jini sun fita da ciwon hanta mai daɗewa. To idan tarihi ya nuna cewa jini ne babbar hanya, me zai hana mu ce mahaifin yarinyar ne ya fi kowa kusa da gaskiya?

Likita Laminu

Sanusi, tarihinka daidai ne, amma tarihin ƙasashen da nau'in B ya yi ƙaranci a cikin jama'a ne. Yaron Amurka da ya shiga asibiti, kusan tabbas ya shiga babu birus, saboda haka idan ya fita da shi ana duban leda. Mu kuwa muna yankin da ake lissafawa cikin waɗanda cutar ta fi yawa a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da nau'in B, kuma kusan miliyan 65 daga cikinsu suna yankin Afirka. A wurinmu mafi yawan masu shi sun kamu ne tun suna ƙanana, daga uwa lokacin haihuwa ko daga ƴan gida a shekarun farko. Jaririn da ya kamu, kusan kashi 90 cikin 100 cutar takan zauna masa har girma, alhali babban mutum da ya kamu, ƙasa da kashi 5 cikin 100 ne take zaunawa. Kuma yaron da ke ɗauke da ita ba ya ciwo, yana wasa, yana ci, yana girma. Cewa hantarta lau take kafin tafiya ba ya nuna cewa babu birus, yana nuna cewa ba a nema ba.

Lokaci ma ba zai raba mana gardama ba. Ga mai lafiya, ciwon yakan bayyana tsakanin wata ɗaya da wata shida bayan kamuwa, to sai a ce ƙarin jinin da aka yi fiye da shekara ya fita daga zargi. Amma ga wadda aka danne garkuwarta, ana iya kamuwa a asibiti ciwon ya kwanta har sai an sassauta magani. Hanya mafi sauƙi da ta rage mana ita ce a auna mahaifiyarta, da mahaifinta, da ƴan uwanta da suke ɗaki ɗaya.

Hajiya Rakiya, Birni

Malam Habu, a duba mini katin rigakafinta. Tun 2008 ƙasarmu ta sa rigakafin nau'in B cikin allurar Penta da ake yi wa jarirai a mako na 6, da na 10, da na 14. Ina so in san ko ta sami ukun duka, da kuma inda aka haife ta.

Malam Habu, Garin Malam

Na duba, Hajiya. Ta sami ukun, sai dai ta farkon an yi ta ne tana da wata uku, saboda uwar ta yi wankan jego a ƙauye wajen Magarya. A gida aka haife ta. Wannan ma shi ne abin da mahaifinta yake kafa hujja da shi: yarinyar da aka yi wa rigakafi, ta yaya za a ce daga gida ta ɗauko?

Hajiya Rakiya, Birni

To ka ga inda gizo ke saƙar. Rigakafi yana tare ƙofa ne, ba ya fitar da wanda ya riga ya shiga. Idan uwa tana ɗauke da birus ɗin, jariri yana haɗuwa da jininta a ranar haihuwa, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya take cewa a yi allurar farko cikin awa 24 da haihuwa. Wanda aka fara yi wa a wata na uku ya yi kwana casa'in ƙofarsa a buɗe. Ka kuma tuna abin da muke yi wa jariri a cikin waɗannan kwanaki: yankan cibi, askin suna, cire beli, wani wurin har da tsaga. Na karɓi haihuwa ba adadi, na san yadda reza ɗaya take zagaya gida. Birus ɗin nan yana iya rayuwa a busasshen jini a kan ƙarfe aƙalla kwana bakwai.

Malam Ila, Mirya

Hajiya, ina girmama ki, amma ni ɗan gidan wanzamai ne, kuma na gaji da jin cewa duk cutar da ta rasa uba a jingina ta ga askarmu. Mahaifina tun ina yaro yake sa aska a wuta, yau kuma ƙannena sabuwar reza suke buɗewa a gaban mai gida. Me ya sa ba a maganar masu yin allura a kasuwa da cikin unguwa, ko wuraren da ake amfani da kwalbar magani ɗaya ga yara goma?

Hajiya Rakiya, Birni

Malam Ila, ka yi gaskiya, kuma ban ware ma'aikatan lafiya ba. Na ga inda aka tsoma allurar da ta taɓa wani yaro cikin kwalbar da za a ɗiba wa na gaba, kuma a ɗakin da yara masu raunin garkuwa suke kwance gado kusa da gado, wannan ya isa ya yaɗa nau'in B ko C ba tare da ledar jini ko ɗaya ba. Gidanku ya gyara, Allah ya ƙara albarka, amma ba kowane gida ba ne. Reza takan zama sabuwa, ƙahon da ƙarfen cire belin kuwa na gado ne. Abin da nake roƙo shi ne ku da ake jin maganarku ku riƙa tambayar uwar jariri ko an yi masa allura kafin ku taɓa shi.

Likita Laminu

Kafin mu tattara hankali duka a kan B, akwai wasu da ya kamata iyayen irin waɗannan yara su sani, domin samun ɗaya ba ya kore sauran.

Nau'in C yana da wayo ga waɗannan yara. Gwajin da aka saba yi yana neman garkuwar da jiki ya ƙera ne, kuma yaron da aka danne garkuwarsa yana iya ɗauke da birus ɗin gwajin ya ce babu. Sai an nemi birus ɗin kansa ta hanyar PCR, gwajin da ke gano ƙwayar halittarsa a jini. Abin farin ciki shi ne yanzu yana warkewa da ƙwayoyi cikin kusan mako 12 ga fiye da kashi 95 cikin 100, kuma ana ba yara tun daga shekara 3. Nau'in D ba ya rayuwa sai a jikin mai B, yana kuma tsananta ciwon, kuma yankinmu na Sahel yana cikin inda ake samunsa. Nau'in A da E ta ruwa da abinci suke zuwa. Mutanen Diffa ba su manta da annobar E ta 2017 ba, wadda ta fi kashe mata masu ciki, kuma mu da muke sayen ruwa a hannun ƴan garuwa idan famfo ya ɗauke, ya kamata ruwan shan yaro mai wannan jinya ya zama tafasasshe.

Wanda ya fi ba ni tsoro a aikina kuwa ba ya cikin waɗannan haruffa. Ƙarambau ne. Ga yaro mai lafiya ƙuraje ne na mako guda, amma ga mai sankarar jini yana iya shiga hanta da huhu ya kashe cikin kwanaki, kuma wani lokaci yakan fara da matsanancin ciwon ciki ko na baya tun kafin ƙurji ɗaya ya fito. Idan ƙarambau ya shiga gida ko aji, a sanar da likita a ranar, kada a jira alama, domin akwai asiklobir kuma yana aiki ne idan an fara da wuri. Danginsa su ne birus ɗin da ke kawo ƙurajen leɓe, da CMV, da EBV, waɗanda kusan dukanmu mun kamu da su tun muna yara suna kwance a jikinmu, sai garkuwa ta faɗi su tashi. Adenobirus ma yakan taɓa hanta, amma ya fi tsanani ga waɗanda aka yi wa dashen ɓargo. A gefe guda kuma kada a manta da zazzaɓin cizon sauro, da ƙarfen da ke taruwa a hanta bayan yawan ƙarin jini, da ita kanta sankarar idan ta dawo, domin dukansu suna iya rina ido.

Nana Hadiza, mai harhaɗa magani

Likita, na karɓi gyara a kan AgHBs, na yi masa kallon mai lafiya ne. Amma ina nan a kan cewa magungunan suna da hannu, domin hantar da birus ya raunana ba za ta ɗauki metotireksat kamar da ba. Abin da nake tsoro shi ne tsawon dakatarwar. Irin sankarar da take da ita, ta limfosit, wato wani nau'in fararen ƙwayoyin jini, ita ce kusan kashi uku cikin huɗu na sankarar jinin yara, kuma a ƙasashe masu hali fiye da kashi 80 cikin 100 na yara masu ciwon daji suna warkewa, alhali a ƙasashe irin namu da yawa ba a kai kashi 30 ba. Babban abin da ke jawo wannan tazara, bayan zuwa a makare, shi ne yanke magani a tsakiya. Kowane mako da ta yi ba ta shan ƙwayoyinta, sankarar ce take samun numfashi. Kuma idan an fara entekabir, a sani ba a tsayar da shi ranar da ido ya washe. Ana ci gaba har a gama maganin sankarar, a ƙara aƙalla wata shida zuwa shekara, domin yanke shi farat ɗaya yana iya tayar da ciwon fiye da na farko. Iyali su yi lissafin kuɗinsa da inda za su riƙa samunsa tun yanzu, kada ya yanke a hanya.

Likita Laminu

A nan bakinmu ɗaya, Malama. Manufar maganin birus ɗin ita ce a sami damar komawa kan maganin sankarar da wuri. Malam Habu, ka isar wa mahaifinta da wannan daga gare ni: shekara ɗaya da wata uku da suka sha wahala ba su tafi a banza ba, ciwon hantar nan yana da magani, kuma barin asibiti yanzu shi ne kaɗai zaɓin da na tabbata ƙarshensa ba alheri ba ne. Idan kun ga tana yawan barci da rana, ko tana rikicewa a magana, ko jini yana fita daga dasashi ko hanci, ko cikinta yana kumbura, ku kai ta a wannan sa'a ko da tsakar dare ne.

Sanusi, ɗalibin likitanci

Malam, idan sauran yaran gidan ba su da shi, za a iya yi musu rigakafi yanzu? Ita kuma fa, sauran alluranta?

Likita Laminu

Duk wanda aka auna a gidan aka ga ba shi da birus kuma ba shi da garkuwa, a yi masa allura uku, babba ko yaro. Rigakafin B ba shi da birus mai rai, saboda haka ko yaron da ke kan maganin sankara ana iya yi masa, sai dai jikinsa ba ya amsawa sosai, kuma maganin yakan goge garkuwar da ya samu tun yana jariri, shi ya sa ake sake aunawa bayan an gama jinya. Alluran da ke da birus mai rai, irin na ƙyanda da na zazzaɓin shawara da sauro ke yaɗawa da ɗigon shan inna, ba a ba ta su tana kan magani. Idan masu ɗigo sun zo ƙofar gida, a gaya musu halin da take ciki.

Malam Habu, Garin Malam

Assalamu alaikum. Na yi kwana tara ban leƙo ba, ga abin da ya faru. An auna mutum biyar a gidan. Ƙanwata, wato mahaifiyarta, tana da AgHBs, haka ma yayan yarinyar mai shekara 9. Mahaifin ba shi da shi, ƙananan biyu ma ba su da shi. Ƙanwata ta yi kuka ƙwarai, tana cewa ita ta cuci ƴarta, sai da Hajiya Rakiya ta zo har gida ta zaunar da ita ta nuna mata cewa ita ma wataƙila a zanen goyo ta samu, kuma ba a taɓa auna ta ba a awon ciki ko sau ɗaya. Likitan ya ce wannan bai wanke ledar jini ɗari bisa ɗari ba, amma ya fi ƙarfafa cewa daga gida ne. Mahaifin bai ce ya yarda ba, sai dai ya daina maganar barin asibiti, kuma shi ya je ya karɓo maganin da kansa.

Sakamakon yawan birus ya dawo, yana da yawa ƙwarai. Nau'in C babu, na D ba mu sami inda za a yi ba tukuna, ana tambaya mana a Yamai da Kano. Ta fara entekabir kwana shida ke nan, ALAT ta sauko zuwa 410, idon bai washe ba amma ta nemi fura da kanta jiya. Likitan ya yi magana da na Yamai ta waya, sun ce idan bilirubin ya ci gaba da sauka za a mayar da ƙwayar dare a rabin ma'auni mako mai zuwa, ta mako kuma sai daga baya. An rubuta wa ƙanwata da yaron nasu gwajin, ita kuma tana da ciki wata biyar, an ce a shirya allurar jaririn tun kafin ranar haihuwa.

Mutari, ma'aikacin ɗakin gwaji

Alhamdu lillahi. Malam, a gaya wa ƙanwarka ta haihu a asibiti, kuma a auna yawan birus ɗinta yanzu, domin idan yana da yawa akwai tenofobir da ake ba mai ciki a watannin ƙarshe don kare jaririn. Ka kawo mini takardun yaron mai shekara 9 ranar Litinin da safe in duba abin da ya rage a yi masa.